Gonar Hajjo a Bayan Ƙwarya

Shekaranjiya da hantsi wata yarinyar Fulani ta yi sallama a gidanmu da nono. Tun daga zaure na ji kiran nan nasu mai ja wanda bai canza ba tun ina yarinya, sai na gyara zama ina jiran in ga ƙwarya ta riga mai ita shigowa. Abin da ya shigo farin bokitin roba ne mai murfi, kuma ba a kanta yake ba, a hannu ta riƙo shi, don ɗan kabu-kabu ne ya sauke ta daga babur a bakin hanya. Nonon ba shi da laifi, na dama fura na sha na gode Allah. Amma tun da ta fita zuciyata ta ƙi zama wuri ɗaya. Na shiga ɗaki na jawo wani ƙullin tsumma daga ƙarƙashin gado, na kwance, na zauna ina kallon ƙarafan Gwaggo, tsatsa ta fara cin bakinsu.

Ƙauyenmu yana gefen hanyar da ta tashi daga Cadawa ta nufi Gazawa, kuma a zamanin da nake faɗi ba ƙarar mota ke tada mutum ba. Taɓarya ce. Kafin rana ta fito za ka ji turmi na amsa wa turmi daga wannan gida zuwa wancan, in 'yan mata suka ji daɗi su yi lugude har da tafi. Daga nan sai kukan guga a bakin rijiya, da kurciya a kan gawo, da jaki yana kai ƙarar duniya. Yau injin niƙa ne ke rufe duk wannan da ruri, in ya yi shiru kuma waya ta ɗauka. Ban ce zamanin da ya fi daɗi ba, don wanda ya ce haka bai taɓa surfa hatsi da zazzaɓi a jikinsa ba. Abin da na sani shi ne a lokacin komai na gida yana da fuska. Ƙwaryar fura daban, ta awo daban, ta wankan jariri daban, kuma ko a taron biki aka haɗa su, kowace mace daga nesa za ta nuna tata. Yanzu in an gama biki sai ka ga mata sun duƙa suna juya robobi suna neman inda aka ɗiga fenti.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Bayan rasuwar mijinta ta dawo gidanmu da ɗanta guda, aka ba ta ɗakin da ke kusa da rumbu. Maza ke shuka duma su fafe shi su kankare, ita kuwa aikinta zane. Tana da ƙarafa 'yan kaɗan masu ƙotar icce, wani mai faɗin baki, wani mai tsini, wani a lanƙwashe kamar farcen shaho. Kakarta ce ta zo da su daga wajen Katsina tun kafin a san akwai wata iyaka a tsakani. Za ta jera su a cikin garwashi, ta kife ƙwarya a kan cinyarta, ta zaro wanda ya yi ja ta ɗora. Har yau in na rufe ido ina jin wannan ƙaramin cuu ɗin, da ƙamshin da ke biyo shi kamar an gasa ɓawon gyaɗa. Ba ta zana abu mai rai, don ta ce malamin da ya karantar da ita ya hana. Sai dai ta zana sawunsa, ko gashinsa, ko abin da ya bari a baya. Ba za ka ga zabo a ƙwaryarta ba, amma za ka ga ɗigon gashinsa. Ba za ka ga ƙadangare ba, sai hanyar da ya ja a kan rairayi. Abin da aka fi saninta da shi gawo ne, da rassansa a baje, wanda matan Fulani ke so a ƙoren nononsu.

Ni kuwa tun ina ƙarama nake gindinta ina hura wuta, kuma na ƙosa in riƙe ƙarfe. Ita ta sa mini suna Wutar Kara, wai ina kamawa da sauri ina mutuwa da sauri. Duk ranar da na roƙe ta ta ba ni ko sakaina in gwada, sai ta tura ni wani wuri. Ta ce in je bayan gida in kalli zabi. In na dawo ba ta ɗaga kai, sai ta ce:

"Wutar Kara, mi kinka gani?"

"Zabi na gani, Gwaggo."

"Ko makaho ya san akwai zabi, shina jin kukansu. Koma."

Haushi kamar ya kashe ni. Na koma na tsinci gashi guda na zauna ina harararsa, don dai a ce na daɗe. Ina cikin hararar sai na ga ashe ɗigon ba watsa su aka yi ba, a jere suke a karkace, layi na bin layi, kuma can wajen gefe sai su daina zama ɗigo su miƙe su zama ɗan zane. Na taho da gudu na faɗa mata. Ba ta yaba ba, don Gwaggo ba ta iya yabo ba, ta dai ce gobe in je in dubo mata sawun ƙadangare. A nan ne na gano jelarsa ba miƙaƙƙen layi take ja ba, tana karkata wajen ƙafar da ta taka. Haka muka yi ta yi. Ta sa na kalli saƙar gizo da safe tun raɓa ba ta bushe ba. Ta sa na kalli yadda tabki ke tsattsagewa in ya ƙafe. In na faɗi abu daga tsaye, sai ta ce in tsuguna in sake dubawa, in na tsuguna ta ce in zagaya ta ɗaya gefen. Takan ce ido malalaci ne, abin da ya gani jiya shi yake ba ka yau, sai ka matsa masa.

Wata damina kuwa gaba ɗayanta a kan hatsi ta ƙare. Kullum in na kai wa su Baba abinci gona, sai ta ce kada in dawo sai da labari. Na ce mata hatsi ai hatsi ne, a cikinsa aka haife ni. Ta ce shi ya sa ban taɓa ganinsa ba. Ranar da abin ya shige ni, rana ce ta yi zafi na shiga tsakiyar gona na kwanta rigingine don in huta. Da na buɗe ido sai na ga wata duniya da ban sani ba. Karan sun tafi sama suna matsowa kusa da juna, zangarniyoyi sun haɗa kai a can bisa, sama ta zama 'yan guntaye a tsakaninsu. Na ga gaɓoɓin ƙasa gajeru ne, suna ƙara tsawo in an hau. Na ga kowane ganye sai ya rungumi kara tukuna, ya bi shi ɗan nesa, sannan ya sake shi ya faɗa gefe. Da na faɗa wa Gwaggo wannan na ƙarshen, ta ajiye ƙarfen da ke hannunta ta dube ni. Washegari ta ba ni sakaina da ƙarfe mai tsini. Daga sakaina na koma ludayi, daga ludayi na koma ƙananan ƙore, ina yin ɗigo da igiya da tsagar tabki, irin zanen da duk ta inda ka juya shi daidai ne.

A wannan tsakanin ne idonta ya fara rufewa. Yana ce ta sauko mata sannu a hankali, fari ya rufe baƙin idon. Da farko takan matso da ƙwarya kusa da hancinta, daga baya ta koma bin zane da yatsa, har ranar da ta ɗora ƙarfe mai zafi a kan babban yatsanta. Ba ta yi kuka ba, ta dai tattara ƙarafan ta ƙulle. Da yamma ta kira mahaifina, ni ina jin su daga bakin murhu. Ta ce ƙarfen da ba a sa wa wuta tsatsa ke cinye shi, kuma ba za ta bar kayan kakarta su ruɓe a ƙarƙashin gado ba. Ta riga ta yi wa maƙeri magana, in bazara ta yi ya zo ya karɓa ya zuba su cikin hauya, ko ba komai sa ci gaba da taɓa ƙasa. Baba ya ce ga ɗiyarki nan fa. Ta ce:

"Ɗiyata ta iya ɗigo. Ɗigo ba shi ne zane ba. Yadda anka yi mini haka za ni yi mata. In Bahillata ta yarda ta aza ƙwaryarta bisa kai ta shiga kasuwa da ita, ƙarhuna nata ne. In ba haka ba, na maƙeri ne."

Wanda bai san matan Fulani da ƙwarya ba zai ce abu ne mai sauƙi. Bafulatana za ta haƙura da tsohon zane a jikinta, amma ba za ta ɗauki ƙwaryar da za a yi mata dariya ba. Tana ƙwanƙwasawa ta saurara, ta shinshina, ta bi kowane layi da farce, sannan ta ajiye ta tafi ba ta ce komai ba, kai kuma ka san an gama da kai. Wadda za ta yanke mini hukunci ita ce Hajjo. Kowace shekara in an gama girbi suna sauka da shanunsu a gonar Baba, shanu su ci kara su bar mana taki, in hadari ya fara haɗuwa su tashi su yi arewa. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana, kuma tun tana budurwa ƙoren Gwaggo take ɗauka. A shekarar dumanmu bai yi ba, babbar ƙwarya guda ɗaya tak aka samu wadda ta isa ɗaukar nono. Ita aka ajiye wa Hajjo, ita kuma Gwaggo ta miƙo mini. Na tambayi Hajjo abin da take so a zana mata. Ta kalli rumbunmu, sannan ta ce:

"Kar ki sa mini sawun nagge, shanu nike kallo tun sahe har dare. Sa mini abin da ba ni da shi."

Ban sha wahalar tunani ba. Mace ce da ke kwana a gonar wasu, tana ganin kara bayan an cire masa kai, ba ta taɓa cewa wannan zangarniyar tawa ce ba. Na ce gona zan yi mata, kuma irin yadda na gan ta ranar da na kwanta a cikinta. Kafin in fara Gwaggo ta yi mini tambaya guda. Ta ce, "Wa za shi kalle ta?" Na ce kowa mana. Ta ce to. Al'ada ce ba a leƙa ƙwaryar gwaji sai an gama, don haka ba ta ƙara cewa uffan ba, ni kuma ban tsaya na juya tambayar ba. Na kife ƙwarya a cinyata yadda na ga ana yi, na sa ƙarafa a wuta. Na tayar da karan daga bakin ƙwarya, gaɓa gajera sannan doguwa, kowane ganye ya rungumi karansa kafin ya sake shi. Na kai su sama har zangarniyoyi suka haɗa kai a tsakiya. Ƙwayoyin hatsin da ƙarfe mai tsini na yi su ɗaya bayan ɗaya, har idona ya riƙa yin ruwa saboda hayaƙi. Sanyi ya wuce ina kai, zafi ya shigo ina kai. Ban taɓa son wani abu da hannuna ya yi kamar yadda na so ƙwaryar nan ba.

Ranar da na gama na kai wa Gwaggo a tsakar gida, matan gida duk sun taru. Ta karɓa ta bi ta da yatsu tun daga baki har tsakiya, ta sake bi. Na ga fuskarta ta saki, sannan na ga ta ɗaure. Ta kira wata ƙanwata ta ce a yi mata gammo a ɗora mata. Aka juya ƙwarya bakinta ya kalli sama yadda ake ɗaukar nono, aka ɗora. Sai ga gonata ta yi kai ƙasa. Saiwa a sama, karan na reto, zangarniyoyin da na ƙare idona a kansu sun nutse cikin gammo ba a ko ganinsu. Ai ita Gwaggo duk gawon da take yi a juye take zana shi a cinyarta don ya miƙe in an ɗauka, ni kuwa shekara da shekaru ina gefenta ina hura wuta ban taɓa lura ba. Na kalli zabo, na kalli ƙadangare, na kalli hatsi, ban kalli hannun da ke gabana ba. Sai ɗan Gwaggo, taubashina, ya leƙo daga zaure ya ce:

"Kai, barka! Bana ko jemage ya samu gona."

Aka fashe da dariya har da masu riƙe ciki. Shi wannan mai bakin daga baya shi ya zama uban 'ya'yana, kuma har ya koma ga Allah bai daina kirana mai hatsin jemage ba, Allah ya ji ƙansa. Amma a ranar nan, da na samu taɓarya da na rotsa masa kai. Na shige bayan rumbu na yi kuka mai isata. Zanen wuta ba ya gogewa, wata babbar ƙwarya kuma babu sai baɗi, ga shi har an fara jin maƙeri yana buga hauyoyin bazara daga bakin kasuwa. Duk bugun da ya yi sai in ji kamar ƙarafanmu ne a kan uwar maƙera. Na roƙi Gwaggo ta bar ni in ɓoye ƙwaryar a ce ta fashe. Ta ce ba a fara sana'a da ƙarya, mai abu za ta zo ta ga abinta.

Hajjo ta zo ranar kasuwa da hantsi. Suka gaisa da Gwaggo, aka tambayi shanu, aka tambayi yara, ni ina raɓe a jikin danga kamar kazar da ruwa ya daka. Gwaggo ta sa aka kawo ƙwaryar, ta ce:

"Hajjo, ba ni ɓoye miki. Yarinya ta yi aiki, amma ta yi kure. In kinka aza ta, hatsin kai ƙasa za shi yi. Ki ɗauki ɗaya cikin nawa na da, ko ki yi haƙuri sai baɗi."

Hajjo ta matso ta karɓa. Ta ƙwanƙwasa ƙwaryar ta saurara, ta shinshina cikinta. Sannan ta share ƙasa da tafin hannu ta kife ta, ta ja da baya kaɗan ta tsuguna. Ta daɗe a haka har na fara jin kukan kurciya. Ta miƙa yatsa ta bi kara guda daga ƙasa har zangarniya. Can ta ce:

"Inna, in na aza ta bisa kai, wa ka ganin ta?"

"Mutanen kasuwa."

"Ni fa?"

Hajjo ta ci gaba a hankali, idonta na kan ƙwaryar.

"Tun ina budurwa nike ɗaukar ƙorenki. Ko ɗaya ban taɓa gani bisa kaina ba, mutane ka ce mini suna da kyau, in ce na gode. Ni sai na koma ruga, na wanke, na kihe ta bisa kara ta sha iska, sannan nike zama in dube ta. Shekara da shekaru gawonki saiwa sama nike ganin shi. Kunya ta hana in hwaɗa miki. Wagga kuwa in na gaji na dawo na kihe ta, gonata ta tashi tsaye. Ita nike so."

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Gwaggo ta ce a miƙo mata tsohuwar ƙwaryarta ta fura mai gawo. Ta kife ta a ƙasa yadda Hajjo ta yi, ba a cinya ba, ta bi ta da yatsu, ta tarar da rassa a ƙasa gindi a sama. Abin da hannunta ya sani ne tun tana yarinya, amma ba ta taɓa tunanin akwai mai zama ta kalle shi a haka kowace yamma ba. Sai ta fara dariya ƙasa-ƙasa, dariyar ta yi ta ƙaruwa har hawaye suka zubo daga fararen idanun nan. Ta ce, "Ashe duk zamanin ga 'yan kallo nike yi ma aiki, mai abu na bari da saiwa." Hajjo ta juye nononta a sabuwar ƙwarya, ta rufe da faifai, ta ɗora a kai ta nufi kasuwa, hatsi na reto. An ce mini wasu sun yi mata tsiya a rumfar masu fura, ta ce musu ba tasu ba ce. Gwaggo kuwa ta kira ɗanta, wanda bakinsa ya mutu, ta ce ya je ya gaya wa maƙeri ya nemi ƙarfe wani wuri. Ta jawo ƙullin tsumman ta ɗora mini a cinya. Don kada kaina ya kumbura ta ƙara da cewa:

"Sa'a kinka yi, ba sani ba. Daga yau duk wadda ta kawo ƙwarya ki tambaye ta, ta idonta ce ko ta idon mutane."

Haka na yi ta yi tsawon rayuwata, kuma tambayar nan ta koya mini halin mutane fiye da zaman kasuwa. Mafi yawa sukan ce ta idon mutane, ba na kuma ganin laifinsu, kowa na son a ce kayansa sun yi kyau. Amare duk ta mutane suke so. Amma lokaci lokaci wata za ta sunkuyar da kai, ta ce a yi mata tata. Yawanci matan da suka ɗan sha duniya ne, ko wadda ta binne ɗa, ko wadda aka kawo aure daga nesa tana kewar tabkin garinsu. Waɗannan nakan fi daɗewa a kan aikinsu. Gwaggo ta rayu har ta ga jikokinta da yatsu, tana zaune gefena tana jin ƙamshin ƙuna tana gaya mini ƙarfe ya huce tun kafin ni in sani. Su Hajjo kuma suka ci gaba da sauka a gonarmu, har gonaki suka matse, burtali ya ƙanƙance, suka daina zuwa. Na yi shekaru ban ji ɗuriyarta ba. Wata rana da rani, ina da jikoki a lokacin, wata mace ta yi sallama da abu a ƙulle cikin zane. Ɗiyar Hajjo ce. Ta kwance sai ga ƙwaryar, ta yi baƙi saboda hannu da hayaƙi, gyartai ya ɗinke ta wuri biyu. Ta ce mahaifiyarta ta rasu da kaka, kuma kafin ta cika ta bar saƙo.

"Ta ce gonar aro ce, a maida ma mai ita."

Tun ranar take kife a kan tukunyar da ke kusurwar ɗakina. Aikin kuwa ya ja baya sannu a hankali har ya tsaya. Roba ba ta fashewa, ba ta son gyartai, ba ta jiran duma ya nuna, ni ma da ita nake wanka, ba zan yi munafunci ba. Idona kuma ya fara bin hanyar na Gwaggo, da safe sai in ga kamar an shanya farin mayafi a tsakar gida. Shi ya sa shekaranjiya, da yarinyar nan mai bokiti ta fita, na zauna da ƙarafan a gabana na ce lokaci ya yi. Jikan maƙerin nan yana nan a bakin kasuwa, ƙofofi ya fi yi yanzu, amma yana buga hauya in bazara ta zo. Na aika masa ya biyo in ya samu sarari. Gara su shiga ƙasa da su ruɓe a ƙarƙashin gado, yadda mai su ta faɗa.

Ina nan zaune sai jikata ta dawo daga lakol, wato makarantar boko, wata mai rawar kai da ba ta iya zama wuri ɗaya, kullum muna faɗa a kan ta taɓa mini kaya. Ta shigo neman abin da za ta zuba gyaɗa, ta sunkuci ƙwaryar Hajjo ta juya ta. Ta kalla, ta tuntsire da dariya.

"Tsohuwa, wane gwani ne ya zana hatsi kai ƙasa?"

"Wadda ta fi ki hankali. Kihe ta ki aje."

Ta kife ta a ƙasa tana dariya za ta wuce, sai ta tsaya. Ta tsuguna. Can sai na ga ta kwanta rub da ciki a kan tabarma da rigar lakol ɗinta, ta tallafe haɓa da hannu biyu, ta zuba wa ƙwaryar ido. Na bar ta ta daɗe. Da na buɗe baki, muryar da ta fito ba tawa ba ce.

"Mi kinka gani?"

Ba ta ɗago ba. Ta sa yatsa a kan kara guda ta ce, "Kaka, ganyen nan sai ya rungumi karan tukuna kafin ya sake shi. Haka yake yi a gona da gaske?"

Na ce in damina ta zo ta je ta kwanta a ciki ta dubo mini. Ta juyo ta ga ƙarafan a kan tsumma ta miƙa hannu, na buge hannun. Na ce ba yau ba, ta fara zuwa bayan gida ta kalli zabi. Ta fita tana gunaguni, wai ita ta san zabi. Da jikan maƙeri ya yi sallama da la'asar, na ba shi fura ya sha, na ce ya gaida gida, ya nemi ƙarfe wani wuri.